Jirgin Da Ke Dawowa A Kwandon Tuwo

Ni mai gyaran mukayyif ne, na'urar sanyaya ɗaki, ina da ɗan shago a unguwar Mansur, a nan Makka. Karatuna bai yi nisa ba. Allo ne da 'yan shekarun firamare a Kano, sauran duk a bakin aiki na tsinta. Ina da wani hali da mai ɗakina ta gaji da yi mini wa'azi a kansa, wato gardama. In ka ce mini rana ta fito, sai na leƙa waje na ce maka ai ba duka ta fito ba. Allah ya yafe mini, har yau ban rabu da shi ba.

Hali na biyu da girmana ya same ni. Wata rana bayan azahar, zafi ya kori kowa daga titi, ina zaune ina latsa waya, sai na faɗa kan hoton wasu jirage masu farfela suna zagaye sanduna a wata hamada ta Amurka, ƙasa-ƙasa, kamar za su share rairayi da fiffike. Da na bi diddigi sai na gane tsofaffin jiragen yaƙi ne, na babban yaƙin nan da aka yi tun kafin a haifi mahaifina. Yaƙi ya ƙare aka jingine su. Sai wasu mutane suka kwashe su, suka cire bindigogin, suka fidda sulken ƙarfen da ke kare matuƙi, suka datse bakin fukafukai, suka mayar da gilashin kan matuƙi ɗan mitsitsi kamar rabin ludayi, sannan suka cusa musu injin da ya fi ƙarfinsu. Duk don wani ya riga wani zuwa sanda.

Mu a Makka samaniyarmu ta tattabaru ce, sai jirgi mai saukar ungulu lokacin aikin Hajji. Mai son kallon jirgi sai ya tafi Jidda. Amma tun daga ranar nan jirage suka cika mini kai. Ina kwance fankar wani bawan Allah, zuciyata tana can tana datse fiffike.

Wanda ya fi shiga raina wani siriri ne mai dogon hanci. Aibinsa ɗaya a idona: yana da wani kumburi a ƙarƙashin ciki, kamar maƙoƙo, ta nan iska ke shiga ta sanyaya lagireto. Na ce wannan maƙoƙon shi ke jan sa baya. A yanke shi. Ai tseren ba dogo ba ne. A ɗora wa jirgin tankin ruwa, ruwan ya riƙa kwashe zafin injin yana fita tururi, kafin ya ƙare an gama tsere. Mu masu mukayyif mun san wannan, domin in zafin Makka ya kai inda na'ura ke shaƙewa, ruwa muke fesa wa bayanta ta farfaɗo. Daga baya na gani a waya cewa wasu sun riga ni tunanin da daɗewa. Ban fasa gaya wa mutane ni na ƙirƙiro ba. Wannan ma yana cikin abin da nake neman gafara a kai.

Da baki ya kasa isar da abin da nake nufi, sai na yanki fallen alminiyam daga jikin wata matacciyar na'ura, na ƙera jirgin da hannuna. Bai fi tafin hannu da ɗoriya ba. Cikinsa sumul, ba maƙoƙo. A idona babu kamarsa a duniya. Yanzu da nake tunawa, ya fi kama da gwangwanin kifi da mota ta taka.

Surukina, mahaifin mai ɗakina, mutumin Damagaram ne. Da ƙuruciyarsa ya zo aikin Hajji ya zauna. Ya koyi aikin samkari, wato buga jikin mota da ya lotse har ya koma kamar ba abin da ya taɓa shi, ya kuma tsufa a wata warsha, wato garejin gyaran mota, a unguwar Ka'akiyya da guduma a hannu. Da a ce ban auri 'yarsa ba, da ni da shi abokan wasa ne, don ba a haɗa Bakano da Badamagare a inuwa ɗaya a rasa tsiya. Amma aure ya shiga tsakani, kunya ta rufe wannan ƙofar. Ban taɓa kiran sunansa ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In na je ɗakinsa a unguwar Tandabawi, tun daga matakala nake cire takalmi, in durƙusa a bakin ƙofa, labule tsakaninmu.

"Baba, an wuni lafiya?"

"Lafiya lau. Ya shugul, ya aiki?"

"Alhamdu lillahi."

"Madalla. A gaida gida."

Iyakar hirarmu ke nan, shekara da shekaru. Ni da nake gardama da fitilar kan titi, a gabansa "to, Baba" kaɗai na iya.

A shekara guda abu biyu suka same shi. Matarsa ta rasu, sannan aka rufe warshar, don masu mota yanzu ba a buga musu ƙofa, sabuwa ake ɗaura musu. Ya kwaso gudumominsa a akwati ya tura ƙarƙashin gado. Mai ɗakina ta yi ta roƙonsa ya dawo wurinmu, ya ce namiji ba ya tarewa a gidan suruki. Sai muka tsara kullum bayan la'asar in ɗauki kwandon abinci a babur in kai masa, in ajiye a bakin ƙofa, in ɗauko na jiya.

Da farko kwano yakan dawo a wanke, da 'yan dabino a ciki ko guntun burodin tamis, don a wurin mutanensa abin kunya ne a mayar da kwano wayam. Sannu a hankali sai kwano ya fara dawowa da nauyinsa. Mai ɗakina ta buɗe murfi ta tarar da tuwo yadda ta kwashe shi, ko yatsa ba a sa ba. Ta sake miya, ta yi dambu, ta dama fura, duk ɗaya. Shayi da ruwan Zamzam kawai yake sha. Muka kai shi asibiti, likita ya duba ya ce ba ciwon komai, abinci jikin ke nema. Shi kuwa ya ce ya ƙoshi. Ya gaya wa 'yarsa wai ya gama aikinsa, jira kawai yake a yi masa salla a Harami, kuma ai ba nisa. Rigarsa ta fara rataya a kafaɗunsa kamar a jikin ƙusa. Na saba ganin mai ɗakina tana buɗe murfin kwano, ta juya mini baya tana goge abin da ba ya buƙatar guga.

Ana cikin haka wata rana na ɗauko jirgina daga shago don in nuna mata, ko ta yi dariya. Ba inda zan riƙe shi a kan babur, sai na cusa shi a kwandon, ƙarƙashin kyallen rufi. Na je na durƙusa, na gaida Baba, na ajiye kwando, na kama hanya. Sai da na kusa Mansur na tuna. Na tsaya a gefen titi gumi yana keto mini. Ƙato da gemu, mijin 'yarsa, an kama shi yana wasan yara da gwangwani! Na so in koma, kunya ta hana ni.

Washegari na ɗauko kwando, na ji kamar ya ɗan rage nauyi, amma ban yarda da hannuna ba. A gida mai ɗakina ta buɗe. An ci gefen malmala ɗaya. A kusa da kwanon ga wani abu a naɗe cikin tsumma. Na warware, na kasa gane shi. Duk lotsewar da na bari ta ɓace. An goge kan kowace ƙusa ta yi daidai da jiki, an rufe bakin haɗin da ni na bari a wangale, har kana ganin fuskarka a fiffiken. Hannun da ya saba da ƙarfe bai iya kwana ɗaki ɗaya da mummunan aiki ba. Sai dai bai tsaya nan ba. A ƙarƙashin hancin jirgin ya huda wani baki mai faɗi, da 'yan sanduna a jere, irin na gaban mota.

"Ya ɓata mini jirgi," na ce.

"Ya ci tuwo," ta ce.

"Wannan ramin fa? Iska za ta cika shi ta riƙe shi kamar..."

"Maigida, na ce maka ya ci tuwo. Gobe ka mayar da abin nan cikin kwando."

Na mayar. Amma sai da na toshe ramin da dalma tukuna.

Ranar Juma'a mai ɗakina takan wuni a wurin mahaifinta. Ta ɗauki wayata ta nuna masa tseren. Ta ce ya riƙe wayar da hannu biyu, ya sa aka yi ta maimaita masa har batir ya mutu. Bai tambayi wanda ya ƙera jirgin gwangwanin ba, ita ma ba ta faɗa ba. Da za ta taho sai ya ce, yana kallon bango, "A gaya wa mai jirgin nan, ko wane ne, injin da ba ya shan iska gawa ne."

Da kwando ya dawo, ga jirgi da maƙoƙo a ƙarƙashin ciki, an buga shi daidai da na hoton, har ya fi na hoton kyau. Tuwo kuwa saura kaɗan.

Na cire maƙoƙon. Na lanƙwasa guntun bututun jan ƙarfe na liƙa a bayan kujerar matuƙi a matsayin tankin ruwa. Na ce wa mai ɗakina, "In kin je ki ce wani mutum ya ce ruwa ya fi iska kwashe zafi."

"Ni ce gidan waya?"

"Ki dai faɗa."

Ta faɗa. Amsa ta zo cewa a tambayi wani mutum, in ruwan ya ƙare a sama, rijiyar wa zai je ya ja.

Haka muka shiga. Jirgi ya je da la'asar, ya dawo washegari da sabon fasali. Baba ya datse fukafukan suka koma kamar na ɗan tsako, wai in gudu ake so, mi za a yi da tabarma a kafaɗa. Na ƙara musu tsawo, na aika cewa tseren nan zagaye ne, mai guntun fiffike in ya zo kwana sai ya zube. Ya matsar da kujerar matuƙi can baya kusa da wutsiya. Na duba na ga ya yi kyau, sai na yi shiru a kan wannan kamar ban gani ba. Ni kuma na sa farfela biyu a hanci, ɗaya bayan ɗaya, kowace tana juyawa nata ɓangaren, kamar yadda na gani a wani jirgin. Ta dawo saura ɗaya, da saƙon cewa ba a liman biyu a salla ɗaya.

A cikin makonnin nan ban taɓa ce masa uffan a kan jirgi ba, shi ma haka. In durƙusa, mu gaisa, ya tambayi shugul, in ce alhamdu lillahi. Amma ina jin ƙamshin dalma ta bayan labule. Wani maƙwabcinsa ya tare ni a matakala yana ƙorafi wai tsohon nan ya hana su barcin rana da ƙwanƙwasa. Na ba shi haƙuri, na sauka ina murmushi. Kwano ya koma dawowa a wanke. Har saƙo ya zo wai miyar jiya ba yaji, kuma a tambaya ko an daina sayar da zogale a Mansur ne. Mai ɗakina ta yi ta masifa tana daka yaji, wai yanzu ita za a koya wa miya, amma rabon da in ji ta tana waƙa a kicin tun kafin rasuwar mahaifiyarta sai ranar.

To, a nan ne na yi wauta, kuma da kyakkyawar niyya na yi ta.

Bakina ba ya riƙe magana. Na ba da labarin a teburin mai shayin da ke kusa da shagona, ina ta cika baki yadda na ƙure tsoho a kan fiffike. Mai shayin, wani dattijo Basakkwace, ya ajiye buta ya dube ni.

"Kai yanzu da surukinka kake sa-in-sa? Wanda ya ba ka ɗiya?"

"Ai ba da baki ba ne."

"Ko da ƙafa ne. Shi ya gyara, kai ka warware? Kanawa dai Allah ya shirya."

Aka yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Na tuna yadda aka rene mu. Na tuna duk lokutan da gardamata ta ɓata wa mutane rai. A ranar kuma jirgin ya dawo da maƙoƙonsa, an ƙara siranta shi, an goge shi har yana ɗaukar ido. Na ce yau dai zan zama mutumin kirki. Ban taɓa shi ba. Na naɗe shi a sabon kyalle, na haɗa da 'yar kwalbar turare, na durƙusa a bakin ƙofa na ce, karon farko da bakina, "Baba, mai jirgin nan ya ce ka yi gaskiya. Babu sauran abin gyara."

 Daga bayan labule ya ce, "Tayyib. Shi ke nan."

Na sauko matakala ina jin kaina kamar waliyyi.

Washegari kwando ya dawo da nauyinsa, ba jirgi a ciki. Na ce ƙila bai ji daɗin jikinsa ba ne. Wanda ya biyo baya ma haka. Maƙwabcin nan ya gamu da ni ya yi mini godiya, wai Allah ya saka, an samu barci. Mai ɗakina ta buɗe murfi, ta rufe, ta juyo.

"Me ka yi?"

"Ladabi na yi." Na ba ta labari.

Ta zauna a kan buhun shinkafa ta riƙe haɓa. "Tun da aka kawo ni gidan nan nake roƙonka ka daina gardama. Ka yi da mai gas, ka yi da mai tumatir, ka yi da ni a kan inda gabas take. Ka rasa ranar da za ka tuba sai ranar da gardamar take ciyar da ubana?"

Ban yi mata gardama ba. Wannan ma karon farko ne.

Na yi dabara. Na ƙera wani jirgin da gangan a karkace, fiffike ɗaya ya fi ɗaya, na jefa a kwando don ya ji haushi ya gyara. Ya dawo yadda ya tafi, tare da tuwon. Ranar Juma'a ta kawo saƙo, idonta ja: wai a gaya wa mai jirgi shi ba yaro ba ne da ake lallashi da alewa. Ta ce gudumomin sun koma ƙarƙashin gado. Ta ce ya sake maganar Harami.

Na gane cewa ta kwando dai ƙofa ta rufe. Da bakina na ɓata, da bakina zan gyara. Na yi kwanaki ina ƙera jirgina na gaskiya, yadda na yi imani ya kamata ya zama, cikinsa sumul, da tankinsa, da farfela biyu, na kuma goge ƙusoshin yadda na koya daga aikinsa. Na kwance wata babbar fanka daga cikin mukayyif na masallaci da aka canza, na ɗaure ta a bayan babur. Na ce wa mai ɗakina ta biyo ni a tasi da abinci, ta haɗo da kaskon turaren wuta da zare.

"Kasko kuma? Aljanu za ka kora?"

"Ki dai taho da shi."

Na hau matakalar Tandabawi da fanka a kafaɗa, ba takalmi, dutse yana ƙona mini tafin ƙafa. Na durƙusa. Muka gaisa, muryarsa can ƙasa. Ya ce a gaida gida. Ban tashi ba.

"Baba."

"Na'am."

 Na ji mai ɗakina ta iso bayana ta tsaya.

"Jirgin nan naka. Ba zai ci tsere ba."



"Ko da jakuna aka haɗa shi," na ƙara, don in na fara ba na iya tsayawa.

"Mi ka ce?"

"Ranar da na ce ka yi gaskiya, ba haka ne a zuciyata ba. Maƙoƙon nan zai ja shi baya. Kyau kam yana da shi. Amma aikin Damagarawa ne, a sha ado a zo na ƙarshe."

Mai ɗakina ta ce "Innalillahi" a hankali. Na ji gado ya yi ƙara. Na ji ana jan wani abu mai nauyi a ƙasa. Sai labule ya yaye. Ya rame sosai, hularsa ta yi masa yawa, amma idon nan da ban taɓa kallo ba yana ƙyalli kamar na mai shirin dambe.

"Bakano," ya ce. "Kakannina na zuba igwa lokacin da naka ke danne mudu da babban yatsa. Kai za ka gaya mani ƙarfe? Wannan kuma mi ka ɗauko, injin markaɗe?"

"Alƙali ne, Baba. Shi zai raba mu."

"Yalla, mu gani."

Muka hau saman bene. Shi ya riƙa tsayawa yana hutawa a matakala, amma bai bari an riƙe masa jirginsa ba. Daga can ana hango hasumiyoyin Harami, tattabaru sun jeru a kan katanga. Na gitta sandar shanya tsakanin tankin ruwa da bango, na rataye jiragen biyu da zare, kafaɗa da kafaɗa. Na yi masa bayani cewa in na kunna fanka, wanda iska ta fi turawa baya shi ne mai nauyin gudu. Hayaƙin turare kuma zai nuna mana inda iska ke bin jiki da inda take tuntuɓe.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Ni na ƙirƙiro."

"Ƙarya kake."

"A waya na gani."

Mai ɗakina ta durƙusa gaban fanka da kasko, tana cewa ita dai kada maƙwabta su gan ta. Na jona wayar wuta. Fanka ta ɗauka da ruri, tattabaru suka watse. Hayaƙin ya miƙe ya bi jikin jirgin Baba kamar an shafa masa mai, ya shige maƙoƙon ya fita ta baya. Sai dai jirgin ya ɗan ja baya.

"Ka gani!" na yi ihu. Na manta da wanda nake magana. "Ka ga ya ja baya!"

"Dubi naka, ɗan kasuwa!"

Nawa bai ja baya ba, gaskiya. Wani abin ya yi. Farfelolin nan biyu suka kama juyi, ɗaya ta fi ɗaya sauri, jirgin ya fara rawa, ya shiga katantanwa a kan zarensa yana walƙiya. Kafin in kai hannu zare ya tsinke. Ya tashi ya tsallake katanga, ya yi wani kyakkyawan lanƙwasa a sama, ya faɗa cikin shanyar maƙwabcin nan mai son barci, ya maƙale a wandonsa.

Baba ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ya yi tari, ya share ido da hula, ya sake kallon wandon ya sake fashewa. Mai ɗakina ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa, ban san dariya ce ko kuka ba.

"Nawa ya ci," na ce. "Shi ne ya tashi. Naka ga shi nan a rataye kamar kilishi."

"Ya ci? Kai da bakinka ka ce tseren zagaye ne. Wanda ya bar fili ya faɗa gidan mutane, sunansa gudajje. Na gaya maka liman biyu ba sa salla."

"Zaren ne ba ƙwari."

"Kanawa! In kaya ya lalace, laifin igiya ne."

"Kuma ba a yi gwajin zafi ba. Ai maganarmu a kan zafi take."

"Zafi? Zauna in gaya maka zafi. Na buɗe lagireto tun ba ka san hannun damanka ba." Ya waiwaya. "Ke, ina kwandon nan? Kawo in sa wani abu a cikina, mijinki doguwar magana gare shi."

Ta sauka da gudu har tana barin takalmi. Ta kawo, ta zuba masa ruwa ya wanke hannu. Tuwon shinkafa ne da miyar kuka. Ya yanko loma, ni kuwa na juya masa baya na fuskanci tankin ruwa, yadda ya kamata.

"Juyo, Bakano. Da ƙeyarka zan yi magana?"

Na juyo rabi. Ya ci yana bayani, yana nuna maƙoƙon jirgi da hannun miya, wai iskar da ta shiga ta nan in ta ɗau zafi da ƙarfi take fita, ba asara ba ce duka. Na ce ban yarda ba. Daga baya na duba na ga akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, amma ban gaya masa ba, kuma ina roƙon duk wanda ya karanta wannan kada ya gaya masa. Bai ankara ba sai da hannunsa ya taɓa gindin kwano. Ya dubi kwanon, ya dubi 'yarsa, ya ce yaji ya yi daidai.

Ya tura mini sauran naman ya ce in ci. Nan kam na ce a'a. Gardama daban, rashin kunya daban.

Ni na je na karɓo jirgina a gidan maƙwabci, na sha faɗa, na kuma yi masa alkawarin duba mukayyif ɗinsa.

Har yanzu a bakin ƙofa nake durƙusawa, har yanzu ban san ɗanɗanon abinci a gabansa ba. Sai dai in mun gama gaisuwa yakan ce, "To, Bakano, yau kuma wace ɓarna ka kawo?" Ranar Juma'a mukan hau bene da fanka. Jirgin farko ya sha faci har ba na jin akwai sauran alminiyam ɗin da na fara da shi. Mun bar maganar maƙoƙo ba a sasanta ba, mun koma kan wutsiya. Jiya kwando ya dawo, kwano a wanke da dabino a ciki, jirgi a gefe. Ya ƙara wa wutsiyar tsayi, wai don kada babban inji ya murɗe jirgin a kwana. Aikin ya yi kyau ƙwarai. Ya dai yi tsayi da yawa, kuma almakashina yana nan a shago.